Akwatin Cornell: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Haska Ɗaki

A wannan makon za mu leƙa tarihin wata matsala da ta daɗe tana wahalar da masu zane da kwamfuta, wato yadda za a haska cikin ɗaki ya fito tamkar na gaske.

A shekarun 1970, hasken da ya taso kai tsaye daga fitila kaɗai manhajoji ke lissafawa. Duk lungun da fitila ba ta kai ba sai ya fito baƙi ƙirin. Don rufe wannan aibi sai aka riƙa barbaɗa wani haske iri ɗaya a ko'ina, abin da ya sa ɗakin ya koma kamar na roba. Alhali a zahiri, in rana ta shigo ta taga sai ta bugi daɓe, ta koma rufi, ta sauko bango. Wannan kai-komon ne ke sa ka ga abin da ke ƙarƙashin gado.

A 1980 Turner Whitted ya wallafa dabarar bin sawun haske. Madubi da gilashi suka fito tsaf, amma bango mai fenti marar sheƙi ya gagara.

Mafita ta zo a 1984 daga Jami'ar Cornell ta Amurka. Cindy Goral da Kenneth Torrance da Donald Greenberg da Bennett Battaile suka aro lissafin da injiniyoyi ke auna musayar zafi da shi. Suka yanka kowane bango gida-gida, suka lissafa hasken da kowane gida ke ba sauran. Don su gwada aikinsu, suka ƙera akwati na gaske, gefe ɗaya ja, ɗayan shuɗi, suka kwatanta shi da hoton kwamfuta. A duka biyun, jan bangon ya ɗan rine farin da ke kusa da shi. Har yau da irin wannan akwati ake gwada sababbin manhajoji, sai dai kore ya maye gurbin shuɗin.

Dabarar tana da tsada: in ka ninka gidajen sau biyu, lissafin ya ninku sau huɗu, ga shi ba ta iya madubi ba. A 1986 James Kajiya ya haɗa komai cikin lissafi guda, ya kuma kawo hanyar harba zaren haske barkatai a ɗauki matsakaicinsu. Kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfin ɗauka, sai a 2006 aka fitar da fim ɗin Monster House da wannan hanya. A 2011 ta shiga manhajar Blender kyauta da sunan Cycles.

Duk da haka ɗaki bai daina ba da wahala ba. Taga ƙarama ce, zarurruka kaɗan ne ke dacewa da ita, shi ya sa hoton ɗaki kan fito da ɗigo-ɗigo kamar an watsa masa yashi, sai an ƙara wa kwamfuta lokaci kafin ya washe.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.