Sawun 'yan dako: daga Mayahi zuwa Maijirgi da ƙafa

A hutun da ya wuce, bayan an gama girbin gero, ni da wani abokina muka taka daga Mayahi zuwa Tasawa, daga nan muka zarce Maijirgi. Kwana ukku muka yi. Da na faɗa wa kakata niyyarmu, cewa ta yi: "Kai ɗan nan, kabu-kabu ta ƙare ne a garin?" Gaskiyarta. Amma ni akwai abin da ke damuna tun muna lakwal, ranar da mushe ya rubuta mana sunan Voulet da Chanoine a allo, muka kwafa, muka wuce.

Mun bar Mayahi da asuba ta cikin Gulbin Kaba. Gulbi ne a suna, rairayi ne da goruba. Tun kafin azahar bidonmu ya ƙare. A rijiyar farko muka tarar da mata da garken shanu suna jiran layi, jaki na jan igiya har ya yi nisa kafin guga ta fito. Mu biyu kacal, amma sai da muka jira. A bakin rijiyar nan na fara gane darasin mushe.

Ku duba. Rundunar da Faransa ta turo ta nufi tafkin Cadi ne, ta tashi daga bakin kogin Kwara a farkon 1899. Ba sojoji kaɗai ba ne, akwai ɗaruruwan 'yan dako da aka kama da ƙarfi, da mata, da dabbobi. A watan Afrilu ta yi karo da Sarauniya a Lugu, a watan Mayu ta ƙone Birnin Kwanni. Ƙasarmu kuwa a Yuli ta shigo ta, lokacin da shuka ke ƙasa, rumbu ya kusa komawa wayam. To taron da ya kai haka, in ya sauka a ƙauye mai rijiya guda, mi zai rage wa masu gari? Wanda ya hana hatsi a kashe shi, ɗan dakon da ya gaza a hanya shi ma haka.

Labarin ta'asar ya kai Paris, aka turo Kanar Klobb ya karɓe jagoranci. Ya bi sawunsu ta garuruwan da suka ƙone har ya cim musu a Dankori, kusa da Tasawa, ran 14 ga Yuli 1899. Voulet ya sa aka harbe shi. Ba a daɗe ba sojojinsu baƙaƙe suka juya musu baya: Chanoine ran 16, Voulet ran 17, a wajen Maijirgi. Ragowar rundunar ba ta koma gida ba fa, ta ci gaba, kafin watan ya ƙare ta ci Damagaram.

Ba su ne Turawan farko da suka bi nan ba. A Janairun 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Tasawa tare da ayarin gishirin Abzinawa, ya wuce Gazawa da Katsina zuwa Kano. Shi baƙo ne, ya ci abin da aka ba shi. Shekara 48 ce tsakaninsu.

Rana ta ukku, daga Tasawa, gefen kwalta muka bi, ƙafata ta dama ta yi bororo, ina ɗingishi. Jakata ba ta wuce riga biyu da ƙuli-ƙuli ba, amma ji nake kamar in yar da ita. Abokina ya ce: "Aboki, ka ƙara buhu a kai, da bulala a baya." Ban yi dariya ba.

A Maijirgi wani yaro ya kai mu kaburburan. An san na wane ne, baƙi ma na zuwa ɗaukar hoto. Na tambayi wani dattijo da ke zaune a inuwa: "Baba, su kuma masu ɗaukar musu kaya, ina aka bizne su?" Ya dube ni, ya nuna yamma da sandarsa, hanyar da muka fito, ya ce in zauna tukuna a kawo mini ruwan ɗumi in gasa ƙafar nan.