Podor: Garin da Ƙaro Ya Jawo wa Igwa

Tun da sojojin Faransa suka miƙa sansaninsu na ƙarshe a Senegal a watan Yulin 2025, bayan ficewarsu daga Nijar a ƙarshen 2023, ake ta muhawara a nan kan abin da ya kawo su tun farko. Wasu sun ce addini, wasu sun ce son mulki. Ni dai amsar da ta fi gamsar da ni a bakin kogin Senegal na same ta, a wani ƙaramin gari mai suna Podor.

Akwai wani tsohon jirgin ruwa, Bou el Mogdad, da aka ƙera a Holan a 1950. Da can kaya da wasiƙu da fasinja yake ɗauka, yanzu kuwa 'yan yawon buɗe ido yake kaiwa daga Saint-Louis zuwa Podor, tafiyar kusan mako guda. Yakan tsaya a garuruwan hanya kamar Richard Toll da Dagana, a sauka a zaga da ƙafa tare da ɗan jagora. A zagayen Podor za a fara nuna maka jerin tsofaffin gidajen 'yan kasuwa da ke fuskantar ruwa, ƙasa sito, sama wurin kwana. Tsallaken kogin Muritaniya ce. Abokan tafiyata sai ɗaukar hoton tagogi suke, ni kuwa sitocin ne suka tsaya mini a rai. Me ake tarawa a ciki?

Ƙaro, jama'a. Ƙaron dakwara ɗin nan da muka sani a Yobe da Jigawa da Borno. Masaƙun Turai na buƙatarsa wajen buga zane a jikin yadi. Larabawan Trarza da Brakna ke kawo shi bakin kogi, Faransawa su saya, su biya da baƙin yadi rinin shuni da suke ɗaukowa daga Pondicherry ta Indiya. Amma akwai sharaɗi. Kafin Bature ya yi ciniki sai ya biya sarakunan yankin kuɗin fito duk shekara, kuma a wuraren da aka keɓe masa kaɗai zai saya, a lokacin da aka yanka. Wato baƙo ne, kuma ya san shi baƙo ne.

Wannan harajin ne ya tsone wa attajiran Bordeaux ido, irin su kamfanin Maurel et Prom. Suka matsa wa gwamnatinsu lamba. A 1854 aka turo runduna Podor, wani injiniyan soja mai suna Louis Faidherbe ya gina ganuwar da har yau take tsaye, 'yan mintuna kaɗan daga bakin ruwa. Kafin shekarar ta ƙare an naɗa shi gwamna. Ya yaƙi Trarza har 1858, aka soke tsohon tsarin, aka maye gurbinsa da ɗan kason da Faransa ta amince za ta riƙa bayarwa. Ka ga mai saye ya koma mai yanka doka ke nan. Mutum ya tsaya a farfajiyar ganuwar ya waiwayi sitocin, ba sai an yi masa dogon bayani ba.

To ga inda labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. Ba nisa da Podor akwai ƙauyen Halwar, mahaifar Shehu Umaru Futi. Bayan ya dawo daga hajji ya yi shekaru a Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, har ya auri 'yarsa, bai tashi ba sai bayan rasuwar Bello a 1837. Shi ne ya yi wa ganuwar Faransawa ta Madina, can saman wannan kogin, ƙawanya a 1857. Wata uku ana abu ɗaya, sai ruwa ya ƙaru, Faidherbe ya iso da jirgi mai tururi ya kwance ƙawanyar. Daga nan Shehu Umaru ya juya gabas. Da Faransawa suka ci Segu a 1890, ɗansa Ahmadu ya yi ta ja da baya da jama'arsa har ƙasar Sakkwato, inda ya rasu. Wasu daga cikin mutanen nan sun tsaya tare da Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, wasu suka zauna a Yalleman ta ƙasar Haɗeja. Zuriyarsu na nan har gobe.

A 1857 ɗin dai aka kafa rundunar baƙaƙen sojoji da ake kira tirayo na Senegal. Irinsu Voulet da Chanoine suka ja a 1899 suka ƙone Birnin Ƙonni, suka gwabza da Sarauniya a Lugu. Don Allah 'yan uwanmu na Nijar ku duba tsawon igiyar.

Ɗan jagoranmu Bafulatanin garin ne, ya san duk wannan, amma sai an tambaye shi yake faɗa. Galibin fasinjojin Turawa ne masu ritaya, sun fi son jin labarin Baaba Maal, mawaƙin da aka haifa a garin. Ban ga laifinsa ba, abincinsa ne. Da na ambaci Sakkwato sai ya tsaya cak, ya kama hannuna, muka bar ayarin ya yi gaba.

A Saint-Louis kuwa, gunkin Faidherbe ya faɗi ƙasa a 2017 bayan wani ruwa da iska, hukuma ta mayar da shi, matasa suka yi ta ƙorafi. A 2020 aka sauya wa dandalin suna zuwa Baya Ndar. Gadar ƙarfen da ke haɗa tsibirin da sauran gari, wadda aka buɗe a 1897, har yanzu da sunansa ake kiranta.