Daga Gindin Danya zuwa Ɗakin Bincike: Yadda Aka Gano Zaman Taren Ƙudan 'Ya'yan Itace

Ƙaramin ƙudan nan mai jajayen idanu, wanda ke yi wa tiren mangwaro rumfa a unguwar Liman Abaji ta Keffi da zarar mangwaron garin ya nuna da bazara, ɗan Afirka ne gaba da baya. Masana na kiransa Drosophila melanogaster. Tsawonsa kimanin milimita 3 ne, asalinsa kuma dazuzzukan kudancin nahiyar nan. A 2018 Marcus Stensmyr da abokan aikinsa na Jami'ar Lund ta Suwidin suka ba da rahoton yadda suka bi sawunsa har duwatsun Matobo a Zimbabuwe, suka tarar da shi a daji manne da itace guda: danya, wadda muke shan nununta a ƙasar Hausa. Mutanen San na dā, mazauna yankin, sun riƙa tara nunu a kogon dutse. Masu binciken na ganin ƙamshin nunun da ya fara tsami ne ya ja ƙudan cikin kogo, ya saba da mutum, daga nan ya bi shi duk inda ya sa ƙafa.

Taro ɗabi'arsa ce. Namiji na da wani sinadari da yake bar wa tamata lokacin barbara, ƙamshinsa idan ya haɗu da na abinci sai ya kira sauran su zo su ci, su yi ƙwai wuri guda. Amma an daɗe kafin masana su kula da taron.

Thomas Hunt Morgan ya kiwata ƙudan a kwalaben madara a Jami'ar Kolombiya ta Amurka, yana ba su ayaba. Dalilinsa sauƙi ne: cikin kwana 10 ƙwai ya zama babban ƙuda. A 1910 ya ga namiji ɗaya mai farin ido, ya bi zuriyarsa, ya nuna inda ƙwayar gadon launin ido take zaune, har aka ba shi kyautar Nobel a 1933. Kwalba na cike da ɗaruruwan ƙudaje, amma abin da ake yi shi ne a sumar da su, a ƙirga ido da fiffike. Ɗalibinsa Alfred Sturtevant ya rubuta bayanin yadda namiji ke neman tamata a 1915, sai dai gado ne ya ɗauke hankalin jama'a a zamanin.

A ganina, inda labarin ya juya shi ne aikin Marla Sokolowski a Kanada, 1980. Ta shafa yisti a faranti, ta ɗora tsutsar ƙuda ɗaya, ta ba ta 'yan mintoci, sannan ta auna zanen da ta bari a kan yistin. Wata tsutsar ta ja dogon layi mai lanƙwasa, tana ci tana tafiya. Wata ta kafe kusa da inda aka ajiye ta. A ƙudajen da aka kamo daga gonar itatuwa a yankin Toronto, kusan kashi 70 cikin ɗari 'yan yawo ne, 30 mazauna. Aka gano cewa ƙwayar gado guda ce ke da babban hannu a bambancin. Abin da ya biyo baya ya fi burge ni. A 1997 aka nuna cewa idan aka kiwata zuriya bayan zuriya cikin cunkoso, 'yan yawo ke rinjaye. Idan wuri ya wadata, mazauna ke yawaita. A 2007 kuma aka ga cewa lokacin ƙarancin abinci kowane iri ya fi tsira idan shi ne tsiraru a cikin taron. Ashe amfanin halin ɗaya ya dogara da halin maƙwabtansa.

Kyamara da kwamfuta ne suka buɗe sauran. A 2012 Jonathan Schneider, Michael Dickinson da Joel Levine suka zuba ƙudaje 12 a faifai mai murfin gilashi, suka ɗauki bidiyo, kwamfuta na lissafin wa ya tunkari wa, su kuma suna lura da wa ya miƙa ƙafa ya taɓa wa. Da ƙafa ƙuda ke ɗanɗano, saboda haka taɓawar labari ce yake ɗauka. Cuɗanyar ta fito da tsari: akwai ƙudan da ke tsakiya kamar dillali a kasuwa, ta kansa sassan taron ke haɗuwa, akwai na gefe. Zuriya biyu da aka gwada kowace da irin tsarinta, kuma da aka yi amfani da ƙudajen da ba sa jin ƙamshi, tsarin ya sauya.

A 2015 Pavan Ramdya da Richard Benton a Lozan ta Suwizaland suka busa wa ƙudaje iskar kabon da muke fitarwa a numfashi, wadda ba sa so. Ƙuda shi kaɗai yakan yi jinkirin barin wurin. A taro kuwa, wanda ya fara motsi sai ya taɓa ƙafar na kusa, shi ma ya tashi ya taɓa na gaba, har faifan ya koma gefen iska mai kyau. Babu sarki, babu mai shela. Da aka lalata jijiyoyin jin taɓawa a ƙafafunsu, gudun taren ya wargaje.

Zaren Sokolowski da na Levine sun haɗu a Jami'ar Toronto: a 2021 ɗakunan bincikensu suka nuna cewa ƙwayar gadon nan da ta raba ɗan yawo da mazauni tana sauya fasalin cuɗanyar manyan ƙudaje ma. A Najeriya, Amos Abolaji na kiwon ƙudan a Jami'ar Ibadan, inda ake horar da ɗalibai gwajin magunguna da guba a kansa. Kayan aikin ba su fi ƙarfin jami'a irin ta Jihar Nasarawa da ke Keffi ba: kwalba, garin masara, yisti, faifai da kyamara.