Sauya furosesa a kwamfutar wasanni mai araha: abin da ya kamata a duba a Maruwa da Garuwa

Furosesa, wadda 'yan kasuwa a arewacin Kamaru ke kira processeur, ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan wasa kamar GTA V ko EA Sports FC ya fara tsinkewa, ita aka fi ɗora wa laifi, musamman a ɗakunan wasanni da matasa ke biyan kuɗi su buga. Sau da yawa kuwa laifin na katin hoto ne ko ƙarancin RAM. Gwajin ba wuya: a buɗe Gestionnaire des tâches a Windows yayin da wasa ke gudana. In katin hoto ya kusa kashi 100 cikin 100 alhali furosesa na da sauran sarari, kuɗin da za a zuba mata asara ne.

In an tabbata ita ce matsalar, tambayar farko ita ce wace iri uwar allo, wato carte mère, za ta karɓa. Kowace uwar allo tana da gurbi guda da aka ƙera domin wani zubi na furosesa, kuma manhajar CPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna sunansa.

Da yawa daga kwamfutocin da ake mayarwa na wasa a yankin tsofaffin injunan ofis ne na hannu, irin su Dell OptiPlex da HP EliteDesk, masu shigowa daga Duwala ko ta iyakar Najeriya. OptiPlex 7010 tana da gurbin LGA1155, kuma iyakar abin da ya dace da ita shi ne Core i7-3770 na shekarar 2012. OptiPlex 9020 da EliteDesk 800 G1 suna da LGA1150, suna ɗaukar har i7-4790. Tashi daga i3 zuwa i7 a waɗannan injuna yana kawo bambanci na gaske. Daga i5 zuwa i7 kuwa ribar kaɗan ce. Akwai kuma tarkon da ya ci mutane da dama: Intel zubi na 6 da na 7 suna amfani da LGA1151, zubi na 8 da na 9 ma haka sunan gurbinsu yake, amma ba sa aiki a allon juna.

Wanda ke da allon AMD mai gurbin AM4 ya fi kowa sa'a. Tun Ryzen na farko a 2017 gurbin bai canza ba har zubin 5000, don haka allon B450 da ya zo da Ryzen 3 zai iya ɗaukar Ryzen 5 5600 na 2022, mai cibiya 6, matuƙar an sabunta BIOS. Sabuntawar ana yin ta ne kafin a cire tsohuwar furosesa, kuma kada wuta ta ɗauke ana tsaka da ita, domin hakan na iya kashe allon. Inda wutar ba ta da tabbas, a jona onduleur tukuna.

Haruffan ƙarshen suna ma abin lura ne. Intel mai F, kamar i3-12100F, ba ta fitar da hoto sai da kati na daban, haka ma Ryzen 5 5600. Ita 5600G tana da nata a ciki, shi ya sa ta dace da wanda bai tara kuɗin kati ba tukuna.

Sai zafi, wanda jagororin da aka rubuta a Turai ba su cika damuwa da shi ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin Maruwa da Garuwa kan haura digiri 40, kafin nan kuma hunturu ya riga ya cusa ƙura cikin fanka. Furosesa in ta yi zafi da yawa da kanta take rage gudu, sai a ga mai tsada tana aiki kamar mai araha. Saboda haka mai wat 65, kamar 5600, ta fi dacewa da ɗakin da ba na'urar sanyaya iska fiye da mai wat 105. A sa sabuwar pâte thermique duk lokacin da aka cire fanka, a kuma bushe ƙurar akai-akai. Ƙananan akwatunan ofis ma ɗan wutar cikinsu bai cika wuce wat 255 ba, ba ya ɗaukar babban kati.

Tsohon inji yana da iyakarsa. Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance sai Intel zubi na 8 ko Ryzen 2000 zuwa sama. Furosesar Intel da ta girmi zubi na 4 ba ta da umarnin AVX2, wanda wasu sababbin wasanni ba sa tashi sai da shi. Mai LGA1155 gara ya ajiye kuɗinsa ya haɗa da na allo da RAM DDR4 lokaci guda.

Wajen sayen ta hannu, a nemi mai shago ya ɗora ta a allo a gani, CPU-Z ta nuna sunan da ke rubuce a bayanta, a bar wasa ya gudana na ɗan lokaci ana duba zafinta. Ryzen ta AM4 ƙafafunta a jikinta suke, a duba ko akwai wadda ta lanƙwashe. A Intel kuwa cikin gurbin allo suke. Kwamfutar tafi-da-gidanka ba ta cikin wannan lissafi, domin galibinsu an like furosesar da dalma ne.