Mutumin da Ya Koya wa Amurkawa Karatun Daji

A shekarar 1884 wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Enos Mills ya bar gidan iyayensa a jihar Kansas ta Amurka, ya nufi tsaunukan Kolorado. Ba shi da ƙoshin lafiya, kuma bai yi nisa a makaranta ba. Shekara guda bayan isarsa ya hau tsaunin Longs Peak, wanda tsayinsa ya haura mita 4,300. Daga baya ya mayar da hawan tsaunin abin neman abincinsa, yana yi wa baƙi jagora har ƙololuwa.

A lokacin aikin ɗan jagora bai wuce ya san hanya, ya kai mutane lafiya, ya dawo da su lafiya ba. Mills ya ga wannan bai wadatar ba. Baƙo zai hau ya sauko, amma ka tambaye shi abin da ya gani, sai ya ce dutse da itace. Don haka ya riƙa tsayar da mutanensa a hanya, yana nuna musu sawun dabba, da inda gobara ta taɓa ci, da yadda iska ta tanƙwara itatuwan da ke can sama. Ya taɓa rubuta tarihin wani itace da masu yankan katako suka sare, bayan ya ƙirga zoben da ke cikin kututturensa ya tarar ya haura shekara 1,000, ya kuma gano alamun wuta da raunukan da itacen ya sha.

Wannan salo ya kawo masa magoya baya. Da lacca da rubuce-rubuce ya yi ta fafutuka, har gwamnati ta mayar da yankin gandun ƙasa na Rocky Mountain a 1915. A 1916 aka kafa hukumar kula da gandayen ƙasa ta Amurka. A 1917 wasu 'yan'uwa mata biyu da suka koyi aikin a wurinsa, Esther da Elizabeth Burnell, suka sami lasisin jagorancin baƙi a gandun, a zamanin da ake ganin shiga daji aikin maza ne. A 1920 kuma masana biyu, Harold Bryant da Loye Miller, suka fara zagayawa da baƙi suna yi musu bayanin tsuntsaye da tsirrai a gandun Yosemite.

Mills ya rasu a 1922, sana'ar tana nan babu rubutattun ƙa'idoji. Wanda ya cike wannan giɓi tsohon ɗan jarida ne, Freeman Tilden, wanda ya zaga gandaye yana sauraron ma'aikata suna magana da baƙi. A 1957 ya fitar da littafinsa Interpreting Our Heritage mai ƙa'idoji 6. Ya nuna cewa jero sunaye da alƙaluma ba shi ne aikin ba. Dole bayani ya taɓa wani abu a rayuwar mai sauraro, ya sa shi tunani. Ya kuma ce yara na buƙatar tsarinsu daban, kada a tsinka na manya a miƙa musu.

Shekara 20 bayan haka, a 1977, UNESCO da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya suka kira taron ƙasashe a Tbilisi kan ilimin muhalli, aka yarda a shigar da shi kowane matakin karatu. Yau akwai jami'o'in da ke ba da digiri a wannan fanni, kuma mai neman aikin sai ya haɗa sanin halittu da iya magana da haƙurin koyarwa.

Abin da Mills ya gano a kan hanyar Longs Peak bai canza ba. Doka na iya shata iyakar gandu, a sa masu gadi da bindiga, amma mutumin da bai san darajar itace ba zai sare shi ranar da mai gadi ya yi barci. Shi ya sa hukumar gandayen Amurka har yau take ɗaukar ma'aikatan da aikinsu shi ne su tsaya gaban baƙi su yi bayani.