Yadda Ake Samun Tikitin Jirgi Mai Sauƙi Tsakanin Landan da Paris

Jama'a, akwai 'yan uwanmu ɗalibai da 'yan kasuwa da ke zuwa Ingila, su so su leƙa Faransa kafin su dawo gida. Tafiyar gajera ce, awa ɗaya da 'yan mintuna ne a sama. Amma kuɗin da ka fara gani a intanet ba shi za ka biya a ƙarshe ba. Mu da muka tashi a harkar shanu mun san kuɗin sa a Potiskum daban, kuɗinsa bayan ya sauka a Legas daban, don sai an ɗora kuɗin mota da haraji da la'ada. To, haka nake so a riƙa lissafa tikitin jirgi.

Fara da biza

Birtaniya ba ta cikin yankin Schengen, Faransa kuwa tana ciki. Wato mai fasfon Najeriya yana buƙatar biza biyu, ta Birtaniya ba za ta shigar da shi Paris ba. Kuɗin bizar Schengen yuro 90 ne ga babba tun daga watan Yunin 2024, kuma ana neman inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. A ƙa'ida a ƙasar da kake zaune ake nema, don haka wanda ziyara ce za ta kai shi Landan ya nemi abarsa tun yana Najeriya. Shawarata, kada ka sayi tikiti mai arha kafin biza ta fito, domin irinsa ba a mayar da kuɗi.

Filin jirgi ma kuɗi ne

Landan tana da filayen jirgi 6: Heathrow, Gatwick, Stansted, Luton, City da Southend. British Airways da Air France suna tashi daga Heathrow zuwa Charles de Gaulle, easyJet kuma tana tashi daga Gatwick da Luton. Sau da yawa na easyJet ya fi sauƙi, sai dai Gatwick kusan kilomita 45 ne daga tsakiyar gari, Luton ma ya ɗan fi haka, kuma jirgin ƙasan da zai kai ka ba kyauta ba ne. Heathrow kuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa na layin Piccadilly yana zuwa har can, kuma ya fi Heathrow Express arha nesa ba kusa ba.

A ɓangaren Paris, Charles de Gaulle kusan kilomita 25 ne daga gari, jirgin RER B zai kawo ka tashar Gare du Nord cikin kusan rabin awa. Orly ya fi kusa, kuma tun 2024 layi na 14 na jirgin ƙarƙashin ƙasa yana isa can. Idan daga Paris za ka wuce wani birnin, ka lura da Beauvais, inda Ryanair ke sauka da tashi. Ana rubuta masa Paris a tikiti, amma kusan kilomita 85 ne daga birnin.

Kaya

Nan ne kamfanonin masu arha suke fanshewa. A easyJet ƙaramar jaka ɗaya ce kyauta, wadda za ta shiga ƙarƙashin kujera, santimita 45 da 36 da 20. Akwatin hannu mai taya sai ka biya, babban akwati ma haka. Manyan kamfanonin su ma tikitinsu mafi sauƙi ba ya haɗawa da akwati mai kilo 23. Ka biya kuɗin kaya lokacin da kake sayen tikiti, don a bakin jirgi ya fi tsada ƙwarai.

Wani abu kuma, ba a yarda matafiyi ya shiga Tarayyar Turai da nama ko kayan madara daga Birtaniya ba. Kilishi da man shanun tsaraba ƙwacewa za a yi.

Yaushe za a saya

Kamfanonin jirgi suna ƙara farashi ne yayin da kujeru ke ƙarewa, shi ya sa wanda ya saya da makonni a gaba yakan fi wanda ya jira saura kwana biyu. Watannin Yuli da Agusta, da lokacin Kirsimeti da Ista, tikiti yana wuta. Haka ma yammacin Juma'a da na Lahadi. Tsakiyar mako da jirgin asuba sun fi sauƙi, amma ka tabbata akwai abin hawan da zai kai ka filin jirgi a wannan lokacin, kada tasi ta cinye rangwamen.

Ni yadda nake yi, ina buɗe Google Flights ko Skyscanner, in duba farashin wata guda gaba ɗaya, in zaɓi ranar da ta fi sauƙi. Daga nan sai in koma shafin kamfanin jirgin in saya kai tsaye, domin in an samu matsala, da mai jirgin za ka yi magana ba da dillali ba. Ba dole zuwa da dawowa su zama a kamfani ɗaya ba. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a fasfo, canza suna kuɗi ne. Ka kuma tambayi bankinka ko katinka zai iya biyan fam ko yuro.

Kada a manta jirgin ƙasa

Eurostar yana bi ta ramin ƙarƙashin teku tun 1994. Daga St Pancras zuwa Gare du Nord kusan awa biyu da kwata ne, daga tsakiyar gari zuwa tsakiyar gari, kuma ƙaramin tikiti ma yana ba ka akwati biyu da jakar hannu. A ce jirgin sama fam 40 ne, ka ɗora kaya da kuɗin zuwa filin jirgi a birane biyu, sai ka ga ya kamo na jirgin ƙasa ko ya wuce shi. Mai ƙaramin ƙarfi kuma akwai motocin FlixBus daga tashar Victoria, sun fi komai sauƙi, sai dai tafiyar takan ci awa takwas ko fiye.

Haƙƙinka

Idan jirgi ya isa a makare da awa 3 ko fiye, kuma laifin kamfani ne ba na yanayi ba, doka ta ba ka diyya: yuro 250 in daga Paris ka taso, fam 220 in daga Landan ne. Ba za su ba ka ba sai ka nema, don haka ka adana takardar shiga jirgi.

A ƙarshe, agogon Paris yana gaba da na Landan da awa ɗaya, kuma lokacin da ke kan tikiti na garin da abin ya shafa ne. A gyara agogo tun da sauka, kada jirgin dawowa ya tashi ya bar mutum. Allah Ya kai kowa lafiya.