Laƙabi da bincike: yadda ake gano hoto a cikin miliyoyi

Idan ɗan kasuwa ya ɗora hoton shadda ko atamfa a intanet, abin da kwamfuta take karɓa tarin ɗige-ɗige ne masu launi, waɗanda ba su faɗa mata komai game da yadin ko kasuwar da yake ciki. Mai neman kaya kuwa da kalmomi yake tambaya. Abin da ke haɗa su biyun shi ne laƙabi, wato gajeriyar kalmar da ake liƙa wa hoto domin ta bayyana abin da ke cikinsa, ko wurin da aka ɗauke shi, ko wanda ya ɗauka. Duk mai tsara shafin ɗora hotuna sai ya amsa tambayoyi biyu tun kafin ya fara gini: wa zai sa laƙabin, kuma wa zai ɗauki wahalar daidaita shi?

Kafin zuwan irin waɗannan shafuka, rarraba hotuna aikin ƙwararru ne. Ma'aikacin ɗakin karatu yana da jerin kalmomin da aka amince da su, ba ya fita daga cikinsu. Shafin del.icio.us, wanda Joshua Schachter ya buɗe a 2003 domin adana adireshin shafuka, shi ne ya yaɗa sabuwar hanya: kowa ya rubuta kalmar da ya ga dama. Flickr, wanda Stewart Butterfield da Caterina Fake suka ƙaddamar a Kanada cikin Fabrairun 2004, ya ɗauko wannan dabara ya ɗora ta a kan hotuna. Kamfanin Yahoo ya saye shi a 2005, sannan ya koma hannun SmugMug a 2018. Alamar # da kowa ya sani yanzu ta zo daga baya: Chris Messina ne ya ba da shawarar amfani da ita a Twitter cikin Agustan 2007, Instagram kuma ya karɓe ta a farkon 2011.

Ginin cikin gida ba shi da wuyar fahimta. A rumbun bayanai akan ware jadawali ɗaya na hotuna, ɗaya na laƙubba, da na uku da ke rubuta wane hoto ke ɗauke da wane laƙabi, da kuma wanda ya liƙa shi. Daga nan ake gina fihirisa irin ta ƙarshen littafi, inda kowace kalma ke da jerin lambobin hotunan da suka ɗauke ta. Mai bincike ya rubuta "shadda" da "Kano", sai na'ura ta ɗauko jeri biyu ta fitar da lambobin da suka bayyana a cikinsu duka. Shi ya sa amsa ke zuwa nan take, ba tare da an buɗe hoto ko ɗaya ba.

Wahalar tana wajen kalmomin kansu. Mutum goma za su kira abu ɗaya da suna biyar, kalma ɗaya kuma ta ɗauki ma'ana uku. Flickr ya magance wani sashe ta hanyar ajiye laƙabi iri biyu: yadda mai shi ya rubuta, da kuma tataccensa da aka cire wa tazara da manyan baƙaƙe, don haka "New York" da "newyork" suke faɗawa wuri ɗaya. A 2005 ya ƙara da haɗa hotuna rukuni-rukuni bisa laƙubban da suka saba tafiya tare, ta yadda mai neman "jaguar" zai ga dabbar a gefe ɗaya, motar a wani gefen. Shafin Danbooru, na zane-zanen Japan, ya bi hanya mafi tsauri. A can masu amfani ne ke gyara laƙubban junansu, kuma akwai ƙa'idar da ke mayar da sunaye masu ma'ana ɗaya zuwa guda, da wata da ke sa ƙaramin laƙabi ya jawo babbansa da kansa. Bincike a irin wannan shafi ya fi daidaito nesa ba kusa ba, sai dai yana tsaye ne a kan gumin 'yan sa-kai da ke muhawara kan kowace kalma.

Ga mai rubutu da Hausa, matsalar ta ninka. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka "gari" na zama da "gari" na tuwo kamanninsu ɗaya, haka ma "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye. Sai kuma baƙaƙe masu lanƙwasa. Wani zai rubuta "baƙi", wani "baki", wani "bak'i", duk suna nufin launin yadi ɗaya, amma a wurin na'ura kalmomi uku ne, ɗaya daga cikinsu ma tana nufin abin da ake cin abinci da shi. Dabarar da aka saba cire ɗigon saman wasulan Faransanci da ita ba ta taɓa ƙ da ɗ da ɓ, domin kowannensu baƙi ne mai zaman kansa. Sai mai tsara shafi ya tanadi jadawalin da zai haɗa su da k da d da b a lokacin bincike, ya kuma bar rubutun mai shi yadda yake. Bugu da ƙari, Nijeriya tana rubuta 'y, Nijar tana rubuta ƴ, kuma alamar ɗauri ta sama tana yanke laƙabin da ya fara da #. Wanda ya sa ta a tsakiyar kalma, rabin laƙabinsa ne kawai zai shiga fihirisa.

Tambayar wa ke da ikon liƙa laƙabi ita ma tana da nauyi. Flickr ya bar wa mai hoto ya zaɓi waɗanda za su iya ƙara masa, ya kuma ƙayyade laƙabi 75 ga kowane hoto. Amfanin buɗe ƙofa ya bayyana a Janairun 2008, lokacin da Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya ɗora tsofaffin hotuna kimanin 3,000 a shafin. Jama'a suka riƙa gano mutane da garuruwan da ke cikinsu, har ɗakin karatun ya gyara ɗaruruwan bayanansa. Illar kuwa kowane mai bincike ya santa: masu talla kan jibga laƙubban da ke tashe a kan hoton da bai shafe su ba. Suna samun 'yan kallo na ɗan lokaci, amma suna lalata kalmar ga kowa, har da kansu.

An yi zaton na'ura za ta raba gardama idan ta koyi gane hoto da kanta. A Mayun 2015 Flickr ya fara liƙa laƙabi ta atomatik, nan da nan aka ga ya kira hoton wani baƙar fata da sunan biri, ya kuma kira sansanin gwale-gwale na Dachau wurin wasa. Bayan 'yan makonni Google Photos ya yi irin wannan kuskure, mafitar da kamfanin ya samu kuma ita ce toshe kalmar gaba ɗaya. Gane fuskoki ya jawo nasa rikicin: Facebook ya biya dala miliyan 650 a wata ƙara da mazauna jihar Illinois suka shigar, sannan a Nuwamban 2021 ya sanar da rufe tsarin da ke ba da shawarar sunan wanda ke cikin hoto. Tun daga lokacin ƙirƙirarriyar basira ta ci gaba ƙwarai, tana iya cewa ga yadi mai launin shuɗi. Cewa shadda ce ko lailai, rinin Ƙofar Mata ne ko na kamfani, har yanzu ya fi tabbata idan mai kayan ne ya rubuta shi.